Ni da jitar gwanjo: saiti, canjin tsirkiya da rigimar hunturu

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Jita ta shigo hannu. Ta gwanjo ce, irin mai rami a ciki wadda ba ruwanta da wuta, a wajen abokin yayana na saya, yace tunda yayi aure take rataye a bango. Dubu 38 muka daidaita har da jakarta da zif ɗin ya mutu. Tsirkiya biyar ce a jiki, siririyar ƙarshe babu, sauran kuma sun yi baƙi ƙirin da tsatsa, in ka ja yatsa a kai sai ya fito da ja. Abu biyu aka ce in duba kafin in miƙa kuɗi, wuyan kada ya zama ya murɗe, sai jakin da tsirkiyoyin ke ɗaure a kansa kada ya zama ya fara ɗagowa daga jikin katakon. Na leƙa wuyan daga kai zuwa ciki, miƙe yake. Na tura takarda ƙarƙashin jakin ba ta shiga ba. Shikenan na biya.

Tsarina shine ba zan taɓa koyon wata waƙa ba sai na iya saita ta, wato daidaita sautin tsirkiyoyinta, da canja mata tsirkiya da hannuna, don a unguwarmu babu wanda zan riƙa kai wa kullum.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na sauke manhajar saiti a waya. Sunayen tsirkiyoyin daga mai kauri zuwa siririya E A D G B E ne, kuma lissafin a juye yake, siririyar da ke can ƙasa kusa da cinya ita ce ta ɗaya, mai kaurin da ke kusa da haɓarka ita ce ta shida. Ta shidan tana kaɗawa sau 82 da ɗan ɗori a daƙiƙa, A 110, D wajen 147, G 196, B wajen 247, siririyar kuma wajen 330. Ba sai mutum ya haddace wannan ba amma yau ya min amfani, domin duk sanda na kaɗa ta shida sai wayar ta nuna min B, na rasa gane kanta. Ashe makirfon ɗin waya ba ya kama sauti mai zurfi sosai, sai ya kama wani amo da ke tashi a saman sautin, kuma 82 sau uku ai 247 ne kusan, wato B ɗin kenan. Da na kaɗa da tsokar babban yatsa a hankali, can wajen tsakiyar tsirkiyar ba kusa da jaki ba, sai ga E ta fito.

Da magriba aka ɗauke wuta maƙwabci ya tada janareta, daga nan allurar manhajar ta kama rawa ita kaɗai ko ban taɓa komai ba. Na ajiye.

Talata, 5 ga Nuwamba

Tsofaffin tsirkiyoyin nan ba sa tsayawa a wuri ɗaya. Allura ta je tsakiya ta dawo baya. Sai Asabar in shiga kasuwa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Sabon Gari, wajen masu sayar da kayan kiɗa. Yaron shagon farko ya miƙo min fakitin tsirkiyar roba yace wai ita ce ta 'yan koyo ba ta cin yatsa. Allah ya sa akwai wani dattijo zaune a shagon, mai kaɗa jita ne a coci, yace in nuna masa hoton tawa. Yana gani yace a'a ɗana, taka ta ƙarfe ce, kalli fegogin nan shida da ke toshe ramukan tsirkiya a jaki, ta roba ɗaure ta ake yi da ƙulli, kuma ramukan ƙashin da ke kan wuyan jitarka sun yi mata ƙanƙanta. Yace wanda ya fi muni shine akasin haka, mutum ya ɗaura ta ƙarfe a jitar da aka ƙera don roba, domin ta roba jan da take yi gaba ɗaya bai fi kilo 40 ba, ta ƙarfe kuwa ta haura kilo 70, sai ka wayi gari jaki ya ɓalle ko wuya ya lanƙwashe. Nace Baba na gode, na karɓi lambarsa.

Abin da na kashe: fakitin tsirkiya mai arha 3,000, an rubuta 12-53 a jiki. Tiyuna irin wadda ake maƙalawa a kan jita 6,500. Ita wannan ba da kunne take ji ba, girgizar katako take karantawa, don haka janareta ya yi ta ihunsa. Lambobin 12 da 53 kaurin tsirkiya ne, siririyar 0.012 na inci wato wajen milimita 0.3, mai kaurin 0.053, milimita ɗaya da kusan sulusi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Yau aka yi aikin, kuma tun bayan azahar har aka kira la'asar ina kai.

Na shimfiɗa bargo a tabarma na kwantar da ita. Baba yace ɗan koyo ya riƙa cire ɗaya yana saka ɗaya don ya ga yadda tsohuwar take a naɗe ya kwaikwaya, amma dattin da ke kan allon wuyan nan ya yi yawa, sai na sassauta duka na cire don in goge. Ba abin da ya samu wuyan. Abin lura kawai shine farin ƙashin da ke cikin jaki, ba gam a jikinsa, tsirkiya ce ke danne shi, yana iya faɗowa, na sa masa alamar fensir a gefen masu kauri don kada ya juye.

Fegogi huɗu sun fito salin alin. Biyu suka ƙi. Na kama ɗaya da filaya kansa ya gutsure, robar ta tsufa ta bushe. Dabarar da ta yi aiki ita ce in tura tsirkiyar ciki kaɗan don ƙwallon ƙarshenta ya saki fegin, sannan in zura hannu ta ramin jitar in turo fegin daga ciki da bayan cokali. Mai gutsurarren kan haka na mayar da shi, zan sayi sabbi.

Fakitin mai arha duk a leda ɗaya suka zuba su, ba lamba ba alama, sai da na jera su a bargo ina murza su da yatsa ina tantance wacce ta fi wacce kauri. Huɗu naɗaɗɗu ne masu ruwan tagulla, biyu zallar ƙarfe.

Ta shida na fara sakawa. Na tura ƙwallon cikin rami na danna fegi na fara murɗa kunne, wato abin da ke kan jitar da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, ina cikin murɗawa sai fegin ya yi tsalle ya wuce ta gefen fuskata, na same shi a ƙarƙashin gado. Na kira Baba a waya, yayi dariya yace ƙwallon ne ya zauna a bakin fegin, kuma ba fegi ke riƙe tsirkiya ba, ƙwallon ne ke maƙalewa a jikin wani katako da ke ƙarƙashin jaki daga ciki, shi fegi aikinsa kawai ya tokare shi a gefe. Yace in ɗan lanƙwasa ƙarshen tsirkiyar kusa da ƙwallon, in juya tsagin fegin ya kalli wuya, in danna fegin ina jan tsirkiyar sama a hankali har in ji ta cije. Na yi haka, na ma zura hannu ciki na taɓa na ji ƙwallon a gefen fegi ba a ƙasansa ba. Bai ƙara tashi ba.

Wajen naɗi a kai kuma, ana zura ta a ramin sandar kunnen, a bar rara kamar santimita 5, a lanƙwasa, sai a murɗa kowane zagaye yana sauka ƙasan na baya, kada su hau kan juna. Masu kauri zagaye biyu zuwa uku ya isa, sirara a ƙara musu. Kuma dukkansu ta cikin tsakiyar kan suke bi, ba ta waje ba, shi yasa kunnuwan sama uku da na ƙasa uku ba gefe ɗaya ake murɗa su ba. Wannan ya cinye min lokaci fiye da komai don hannu na ta son ya juya duka gefe ɗaya.

Biyar sun hau lafiya. G kuwa, tiyuna na nuna F da ɗori, saura ƙiris ta kai, sai ji nayi tas, ta tsinke daidai bakin ramin sandar, ta zane ni a bayan hannu. Tsohuwar G mai tsatsa na ciro daga shara na mayar.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na saita da safe, kafin in gama ta ɗaya ta shida ta sauka. Haka sabuwar tsirkiya take. Ana kama kowacce a tsakiya a ɗan ja ta sama a hankali, a sake saitawa, a maimaita har ta daina sauka.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Sun fara zama. Ƙa'idar da na riƙe: kullum daga ƙasa ake hawa zuwa saiti. In ta wuce, a sassauta ta sauka sosai sannan a sake hawowa, in ba haka ba rarar da ke cikin haƙoran kunnen za ta saki daga baya.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na koma kasuwa. G guda ɗaya 800, fegogi shida 1,500, sanfefa mai laushi 300. Baba ya sa farce a bakin ramin sandar G yace ji nan, akwai kaifi. Tsohon ƙarfe ne ya ci wajen har ya yi baki. Ya kuma ce G ɗin jita irin tawa dama ita ce mai saurin tsinkewa, a ido tana da kauri saboda naɗin tagulla amma ƙarfen da ke cikinta siriri ne ƙwarai, kuma shi kaɗai ke ɗaukar jan. Na naɗe sanfefa siriri na zura a ramin na goge bakin har farce ya daina kamawa. Sabuwar ta hau ba gardama.

Wani abokina mai gyaran keke da ya ji labarin yace me zai sa in ta zarya, ya warware min wayar birki in ɗaura. Da wasa ya faɗa amma ba ƙarya a ciki, makaɗin jita Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro. Sai dai shi babu ce ta sa shi, ni kuwa naira 800 ce tsakanina da ta gaske.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kan yatsu uku sun yi ja suna zafi, kanta ba ta fito ba tukuna. Umma ta leƙo tace wai maroƙi za ka zama ne, kullum ƙwan ƙwan ƙwan ba waƙa ba daɗi. Nace Umma saiti nake koya. Tace to Allah ya sa a gama saitin.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na fara koyon saiti da kunne, don batir na iya mutuwa a inda ba shago. Hanyar firet na biyar (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita, daga kai ake ƙirga su): a danna ta shida a firet na 5, sautin da ya fito shine A, sai a daidaita ta biyar da shi tana sake. Ta biyar a firet na 5 ta ba da D, ta huɗu a na 5 ta ba da G. A nan ne ake canjawa, ta uku a firet na 4 ake dannawa a samu B, sannan ta biyu a koma na 5 a samu E siririya. Wannan na huɗun shine tarkon, duk wanda ya manta ya danna na 5 zai kai B ɗinsa C.

Abin da ya buɗe min kunne shine na daina tambayar kaina wacce ta fi sama. Idan sautuka biyu sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba akwai wata rawa da ake ji a tsakaninsu, wawawawa, in sun yi nisa tana sauri, kana matsowa tana rage gudu, in ta tsaya cak to an dace. Ita nake bi yanzu. Matsalar hanyar dai ita ce kuskure na taruwa, ɗan kaɗan a A, ɗan kaɗan a D, kafin ka kai ta ɗaya E biyun sun raba gari. Don haka in na gama sai in kaɗa ta shida da ta ɗaya tare in ji, sannan in duba da tiyuna in ga inda kunnena ya karkata. Yawanci sama nake kaiwa.

Lahadi, 1 ga Disamba

Kwana biyu ina bin wani darasi a YouTube, tiyuna ta ce komai kore ne, amma ina kaɗawa tare da mai koyarwar sai in ji ni ina sama da shi kaɗan, abin ba daɗin ji. Na zargi wayar, na zargi kunnena, har na fara zargin jitar. Yau na lura da wata 'yar lamba a kusurwar gilashin tiyunar, 445. Ya kamata ta zama 440, shine ma'aunin da kusan kowa ke bi, A ta sama tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Ɗan yayata ne ya samu abin wasa ya yi ta danna maɓalli. Tsakanin 440 da 445 wajen senti 20 ne, kuma tazarar firet ɗaya senti 100 ce, kenan kashi ɗaya cikin biyar na firet, ba yawa amma kunne na ji sarai. Ya kuma taɓa ɗaya maɓallin da ke sauya ta zuwa saitin wasu kayan kiɗan, akwai G na jita, B, V, U da C. Na bar ta a C, wadda ke nuna kowane sauti ko na menene, na fi gane ta. Tiyuna ta koma saman kwaba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa kuma jita ta fi ni jin jiki. Abu uku na gani cikin satin nan. Kullum da safe duka shidan sun sauka tare, ba ɗaya ba. Gefen wuyan da a da yake sumul yanzu bakin ƙarafan firet sun fito suna karce min tafin hannu. Sannan ta shida da ta biyar sun fara zizz a firet na biyu da na uku, abin da babu shi a watan jiya.

Na ɗauka wani abu na ɓata wajen canjin tsirkiya. Baba yace ko ɗaya, katako ne ke bushewa, yace duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu haka ake kawo masa jitoci wasu ma a tsage. Jita tana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a nan da tsakar hunturu yana faɗowa ƙasa da 20. Allon wuya sai ya tsuke, ƙarfen firet kuma ba ya tsukewa, shine bakinsa ke fitowa. Fuskar jitar ta ɗan lotsa ciki, jaki ya sauka da ita, tsirkiya ta matso kusa da firet ta fara taɓawa, ta kuma saki. Kamar dai ƙofar katako da ke ƙin rufuwa da damina, da rani kuma ka ga haske ta gefenta.

Wannan ne abin da ke ba ni haushi da yawancin darussan intanet, mutum zai yi minti ashirin yana bayanin naɗin tsirkiya, maganar bushewa kuwa sai dai a ambace ta a gurguje, alhali mu nan wata uku cur muke yi a ciki. Da na bar ta a rataye a bango yadda mai ita na farko ya yi da ban san inda za a kwana ba. Abin da ya cece ta inaga shine fuskarta ba katako guda ba ce, falle-falle ne aka manne, na duba bakin ramin na ga layukan. Irin wannan ba ta kai mai katako guda daɗin sauti ba amma ta fi ta jure wahala.

Maganin da ya ba ni: soson wanke-wanke sabo, a jiƙa a matse shi sosai har ya daina ɗiga, a saka a gidan sabulu na roba mai huji, a ajiye cikin jakar a rufe. Kada ruwa ya taɓa katakon ko kaɗan. Soso da gidan sabulu 600. Na kai wa mai gyaran jaka ya canja zif 1,000, tunda jaka a buɗe ba ta riƙe danshi. Na kuma samu babbar leda ina zura jakar a ciki don yadin jakar shi ma iska na ratsa shi.

Alhamis, 12 ga Disamba

Soso na bushewa ƙaƙas cikin kwana biyu. Ina sake jiƙawa. Ba canji tukuna.

Laraba, 18 ga Disamba

Zizz ɗin ya ragu sosai, sai in na kaɗa da ƙarfi. Saukar safe ma ta ragu. Bakin firet dai har yanzu yana nan, Baba yace shi ba lallai ya koma duka ba, in ya dame ni a goge shi da fayil, kuma yanzu ne lokacin gogewa tunda yanzu ya fi fitowa. Na bar shi tukuna.

Asabar, 21 ga Disamba

Akwai wani bawan Allah ɗan Agadas da ke gadi a layin bayanmu, ashe yana jin ƙwan ƙwan ɗina ta katanga. Yau ya tare ni yace ƙanena kawo jitar nan in gani. Ya karɓa, bai nemi tiyuna ba, ya ɗan taɓa kunnuwa biyu, sannan ya kama kunnen ta shida ya yi ta murɗawa sama, ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa ina jiran tas. Ya kai ta G ya tsaya. Yace haka da yawa suke yi a wajensu, babban yatsa na dukan wannan G ɗin ba tsayawa, sauran yatsu na yawo a sirara. Ya yi wajen minti goma yana kaɗawa, wallahi ban san akwai wannan sautin a cikin jitar dubu 38 ba. Yatsa biyu kawai yake amfani da su a hannun dama, ba ya riƙe komai.

Da na dawo na yi lissafi. Daga E zuwa G firet uku ne, kuma jan tsirkiya yana ƙaruwa ne da ninkin saurin kaɗawarta a kanta, firet uku ya kama ƙarin kusan kashi 41 cikin ɗari a kan wannan tsirkiyar ɗaya. A kan mai kauri 53, a jitar da ke fama da bushewa, ban yarda in bar ta haka ta kwana ba. Na mayar da ita E. Amma salon ya shiga raina, kuma shine ya sa na yanke shawarar komawa sirara, don in riƙa ɗaga ta ba fargaba.

Nace Malam za ka koya min, yace in yatsunka sun yi kanta ka zo.

Asabar, 28 ga Disamba

Ban shiga kasuwa ba, hidimar Kirsimeti, Baba ma yana ta sabgar coci. Batirin tiyuna ya mutu, irin mai faɗin nan ne CR2032, na samu a wajen mai agogo 500. Tsirkiyoyi masu arha sun riga sun dushe, tagullar ta yi duhu inda yatsu ke taɓawa, sautin ya mutu.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Canji na biyu. Wannan karon na sayi mai kyau, 10-47, naira 9,500, na ji zafin kuɗin amma bambancin tun daga fakiti ake gani. Ƙwallayen kala-kala ne irin tsarin kamfanin tsirkiya na D'Addario, ta shida ruwan tagulla, ta biyar ja, ta huɗu baƙi, ta uku kore, ta biyu shuni, ta ɗaya ruwan azurfa, ba sai ka tsaya murza su da yatsa ba. Ɗaya bayan ɗaya na canja, na saka sabbin fegogi, kuma kafin kowacce ta hau na goga bakin fensir a tsagin ƙashin wuya. Dalili, tun kwanaki in ina murɗa G sai allura ta tsaya ba motsi, can sai a ji ƙyas ta yi tsalle ta wuce, tsirkiyar ce ke maƙalewa a tsagin. Baƙin fensir na sa ta zame. Ya yi aiki. Na yanke rarar da filaya gab da sanda don tsinin nan ya sha huda min yatsa ya kuma yaga cikin jaka.

Aikin bai kai rabin lokacin wancan ba, ba wadda ta tsinke. A yatsa kuwa sauƙin ba a magana, jan duka ya dawo wajen kilo 60. Sautin ya ɗan rage cika, masu kaurin ba sa gurnani kamar da, na yarda da wannan cinikin.

Sai dai zizz ya dawo, har ya fi na Disamba, daga firet na ɗaya zuwa na huɗu.

Talata, 7 ga Janairu

Na kai wa Baba. Yace dole, ka rage jan da ke lanƙwasa wuya gaba, ƙarfen da ke cikin wuyan kuma yana nan yana ja baya da ƙarfinsa na da, sai wuyan ya miƙe fiye da kima. Ya danna ta shida a firet na 1 da na 14 lokaci guda yace in leƙa wajen na 7, tsirkiyar kwance take a kan ƙarfe ba ko ƙofa, alhali ya kamata a ga 'yar tazara kamar kaurin kati. Ya zura alanki ta ramin jitar ya sassauta kwatan zagaye kawai, ya sake saitawa, yace a bar ta ta kwana kafin a ƙara. Ya gargaɗe ni sosai a kan wannan ƙarfen, yace in ya yi tauri kada a tilasta, in ya karye gyaransa ya fi kuɗin jitar. Na ba shi 2,000, da ƙyar ya karɓa.

Laraba, 8 ga Janairu

Zizz ya tafi. Ba a ƙara komai ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Sabuwar matsala, ko in ce tsohuwa ce kunnena ne ya fara jinta. Tiyuna ta ce shidan daidai, na kama kod ɗin G, wato haɗin sautuka da ake kaɗawa tare, ta yi daɗi in ban da B da nake jin ta ɗan yi sama. Na sassauta ta har ta yi min daɗi, na koma kod ɗin E ko D sai ta zama ita ce bare a ciki. Na yi ta kai da kawowa. Abin da na fahimta shine ba lalacewa ba ce, haka aka raba firet ɗin jita, tazara goma sha biyu daidai wa daida, kuma a wannan rabon tazarar G zuwa B ta fi wadda kunne ke so faɗi da kusan senti 14. Ba yadda za ka saita ta ta gamsar da kowane kod. A bi tiyuna a haƙura.

Amma akwai wanda laifin jitar ne. Firet na 12 shine rabin tsawon tsirkiya, ya kamata ya ba da sautin tsirkiyar a sake amma a sama. Na gwada duka, biyar sun yi kusa, B kuwa ta haura sosai. Ƙashin jakina miƙaƙƙe ne, ba irin wanda aka ɗan ja wajen B baya ba, kuma in sauti ya haura a na 12 to tsirkiyar na buƙatar ƙarin tsawo ne. Na kuma lura in na danna da ƙarfi allura na hawa, wato wani ɓangaren hannuna ne, tun zamanin 12-53 na saba matsewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Saiti da safe, goge tsirkiya da tsumma bayan an gama, soso. Kanta ta fito a yatsu uku, ɗan ƙaramin ne ya rage.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na je wajen Malam ɗan Agadas da ta shida a G. A kan 47 ba ta yi taurin da ya tsorata ni ba, amma ɗaga ta na sa sauran biyar su ɗan sauka, sai an bi su an gyara. In na dawo gida ina mayar da ita E. Ya ba ni aikin babban yatsa kaɗai, yace kada in taɓa sirara sai ya daina tsayawa.

Lissafi zuwa yau: jita 38,000, tsirkiya fakiti biyu da G ɗaya 13,300, tiyuna da batir 7,000, fegogi 1,500, sanfefa, soso da zif 1,900, Baba 2,000. Jimla 63,700, ban sa kuɗin adaidaita ba.

Abin da ke gaba: a goge bakin firet kafin hunturu ya wuce, cikin Fabrairu, don azumi na kamawa farkon Maris kuma ba zan samu zarafi ba. Ƙashin jaki mai gyaran B zan saya amma ba za a fere shi ba sai damina ta zauna, Baba yace lokacin fuskar jitar za ta kumbura tsirkiya ta yi sama, in aka yanke tsayinsa a kan yanayin yanzu za a sake aiki, kuma duk milimita ɗaya da ake so a rage a firet na 12 sai an cire biyu a ƙashin. Tsohon zan ajiye na hunturu. Soso zai fita daga jaka da zarar ruwan farko ya sauka. Sai fakitin ajiya guda da G biyu, in kuɗi sun shigo ƙarshen wata.